Tarihin Dimokuraɗiyya da Tsarin Gwamnati a Ƙasar Lafiya

Dimokuraɗiyya tsarin mulki ne wanda jama'a ke da ikon ɗora shugabanni da kuma sauke su. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mulkin jama'a, kuma a birnin Atina aka fara gwada ta kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A can maza 'yan gari ne suke taruwa a fili su yanke shawara da bakinsu, ban da mata da bayi da baƙi. Wadda ake yi a yau ta wakilci ce, domin ba filin da zai ɗauki al'ummar ƙasa guda. Abubuwan da take tsaye a kansu sanannu ne: zaɓe a kan lokaci, raba iko don kada ya taru a hannun mutum ɗaya, fifita doka a kan kowa, da kare haƙƙin ɗan ƙasa ko da ba ya tare da masu rinjaye.

Mazaunin Bukan Sidi, unguwar da ke kan hanyar Jos a garin Lafiya, idan ya kai shekara 18 kuma yana da katin zaɓe, yana da hannu wajen cike kujeru bakwai: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar dokokin jiha, gwamna, ɗan majalisar wakilai, sanata, da shugaban ƙasa. Shekara ɗari baya, kakansa bai zaɓi ko ɗaya ba. Wannan canji bai zo rana ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ginshiƙan suka shigo, kuma kusan kowanne sai da wata matsala ta taso kafin a kafa shi.

Garin Lafiya, wanda kuma ake kira Lafiyar Barebari, ya kafu ne a ƙarshen ƙarni na 18 a hannun Muhammadu Dunama da mutanensa, cikin ƙasar da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da wasu al'ummomi suke zaune. Bayan jihadi masarautar ta shiga ƙarƙashin inuwar Bauchi. Mulkin wancan zamani ba na gaba-gaɗi ba ne yadda wasu ke zato. Akwai masu zaɓen sarki, akwai 'yan majalisa da sarki ke shawara da su, akwai alƙali da limamai masu faɗa masa gaskiya, kuma malaman Daular Sakkwato sun yi rubutu mai yawa a kan wajibcin adalci da shawara ga shugaba. Amma sarauta ta gidan sarauta ce, ba ta da wa'adi, talaka kuma ba shi da ta cewa wajen naɗi. Wanda zalunci ya ishe shi, mafitarsa ita ce ya kai kuka fada ko ya tattara iyalinsa ya yi ƙaura.

Turawan Ingila sun shigo da mulkinsu yankin a 1903, suka kuma riƙe sarakuna suna mulki ta hannunsu. Daga nan aka sami En'e. Daga baya Lafiya ta zama gunduma a Lardin Binuwai, wanda hedikwatarsa take Makurɗi, tare da Keffi da Nasarawa, yayin da Akwanga da Wamba suke Lardin Filato. A tsarin En'e, baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari duk a ƙarƙashin sarki suke, a bayansa kuma ga Di'o da Razdan. Hukumar da ta kafa doka ita ce take kama mai laifi, ita take yi masa shari'a, ita take tsare shi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake raba iko. Masanin Faransa Montesquieu ya bayyana wannan ƙa'ida a 1748, amma manomin da aka ɗaure saboda haraji bai buƙaci littafi ba kafin ya gane illar tara iko wuri guda.

Zaɓe ya fara shigowa Nijeriya a tsarin mulkin Clifford na 1922, da kujeru huɗu kacal, uku na Legas, ɗaya na Kalaba. Arewa ba ta cikin wannan majalisa ko kaɗan. Sai a tsarin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, aka kafa Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, su ma aikinsu bai wuce ba da shawara ba. Tsarin Macpherson na 1951 ya kawo zaɓe mai hawa-hawa: a zaɓi wakilai a ƙauye, su je su zaɓi na gunduma, waɗannan su zaɓi na lardi, har a kai Kaduna. Kafin muryar talaka ta hau wannan tsani ta dushe, kuma ma'aikatan En'e ne suka fi cin moriyarsa. A 1954 tsarin Lyttleton ya mai da Nijeriya tarayya, aka raba aiki tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohin Arewa da Yamma da Gabas.

A waɗannan shekaru jam'iyyu suka bayyana. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, tana neman sawaba ga talakawa da gyaran En'e. NPC ta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ita ce kuma ta riƙe gwamnatin Arewa. A Lardin Binuwai da na Filato akwai UMBC, wadda Joseph Tarka ya jagoranta, tana fafutukar a ba ƙananan ƙabilu jiharsu. Zama ɗan adawa a lokacin ba ƙaramin abu ba ne, domin izinin taron siyasa a hannun En'e yake, kotun da za a kai mutum ma tata ce. Da yawa sun sha ɗauri, ciki har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. A zaɓen tarayya na 1959 aka yi ƙuri'a kai tsaye, inda Arewa take da kujeru 174 daga cikin 312, amma a Arewa maza kaɗai aka bari. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekara 16 bayan samun 'yancin kai. Rabin al'umma ke nan aka bari a waje, kuma wannan babban giɓi ne a Jamhuriya ta Farko.

Koken ƙananan ƙabilu ya bar gado mai muhimmanci. A 1957 aka kafa kwamitin Willink don ya binciki tsoron da suke yi na danniya. Kwamitin bai yarda a ƙirƙiri sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Haka aka yi a na 1960, kuma daga nan suka gangaro har zuwa Babi na 4 na tsarin mulkin yau: haƙƙin rayuwa, 'yancin addini, 'yancin faɗin albarkacin baki, 'yancin taro da shiga ƙungiya, da haƙƙin a saurari mutum a gaban kotu kafin a hukunta shi. Ga jiha irin Nasarawa, mai harsuna da yawa, Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya, wannan babi shi ne garkuwar wanda bai da yawan jama'a.

Jamhuriya ta Farko ta bi salon Ingila, inda firayim minista da ministocinsa suke fitowa daga cikin majalisa. Ta rushe ranar 15 ga Janairu 1966. Mulkin soja kishiyar dimokuraɗiyya ne, domin majalisar soja ce ke kafa doka ta kuma zartar, har ta hana kotu duba dokokinta. Duk da haka a zamanin soja aka shata taswirar gwamnatin da ake amfani da ita yanzu. Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar jiha 12, Lafiya ta faɗa Binuwai-Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk. A shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala Muhammad ya mai da jihohi 19, Lafiya ta koma Jihar Filato. A wannan shekarar kuma aka yi garambawul ɗin da ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, aka mai da su mataki na uku na gwamnati, aka kuma ware majalisar sarki daban. Nan En'e ta kare.

Tsarin mulkin 1979, wanda kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams ya tsara daftarinsa, ya ɗauko salon Amurka: shugaban ƙasa da gwamna jama'a ke zaɓarsu kai tsaye, ba sa zama a majalisa, kuma ɗan majalisar da aka ba minista ko kwamishina sai ya bar kujerarsa. An ƙara wani sharaɗi don kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai, wato bayan rinjaye sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wannan sharaɗi ne ya haifar da shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku a 1979, wato kashi biyu bisa uku na jihohi 19, wadda Kotun Ƙoli ta yanke ta tabbatar da Shehu Shagari a matsayin shugaban ƙasa. A Filato, Solomon Lar na NPP ya zama gwamna. A Kaduna kuma majalisar da NPN ke da rinjaye ta tsige Balarabe Musa na PRP a Yuni 1981, karon farko da aka yi haka a ƙasar. Soja suka dawo ranar 31 ga Disamba 1983, suka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, kuma a hannunsu aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, zamanin Sani Abacha, aka mai da Lafiya babban birninta. Kantomomi biyu suka riƙe ta, Abdullahi Ibrahim da Bala Mande, kafin farar hula su karɓa ranar 29 ga Mayu 1999.

Tsarin mulkin 1999, wanda ake kai har yau, ya bayyana a sashe na 14 cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ƙarfinta, kuma tsaro da jin daɗinsu shi ne aikinta na farko. Sashe na 4 da na 5 da na 6 suka raba ikon gida uku. A Lafiya ana iya ganin ukun da ido. Majalisar Dokoki mai mambobi 24 ita ke kafa doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, tana kuma da ikon kiran kowane jami'i ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin jama'a. Ƙaramar Hukumar Lafiya tana da kujeru biyu a cikinta, Lafiya ta Tsakiya da Lafiya ta Arewa. Gwamna da kwamishinoninsa da ma'aikatu su ke zartarwa, wa'adinsa shekara huɗu, ba ya wuce sau biyu. Kotuna kuma, daga na majistare da na yanki zuwa Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ta al'ada, su ke fassara doka. Kowane ɓangare yana riƙe da linzamin ɗan'uwansa. Gwamna ba ya taɓa asusun jiha sai da dokar kasafi. Majalisa ba ta gama doka sai gwamna ya sa hannu, idan kuma ya ƙi, sai ta tara kashi biyu bisa uku ta wuce shi. Kotu tana iya rushe aikin su biyun idan ya saɓa wa tsarin mulki.

Akwai kuma rabon aiki tsakanin Abuja da jihohi. Soja da 'yan sanda da kuɗin ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai na tarayya ne ita kaɗai. Ilimi da noma da makamantansu kowa yana da hannu, kuma gyaran 2023 ya ƙara wa jihohi iko a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Wannan rabo yana da tasiri a Nasarawa, jihar da ake yi wa kirari da gidan ma'adinai, amma lasisin haƙar su daga Abuja yake fitowa. A Majalisar Dattawa mai kujeru 109 jihar tana da uku kamar kowace jiha, Lafiya tana mazaɓar Kudu tare da Obi da Doma da Keana da Awe. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, inda ake la'akari da yawan jama'a, tana da biyar.

Rubutu a takarda daban, aiki da shi daban, kuma sau uku aka gwada tsarin a Nasarawa gwaji mai tsanani. Na farko a 2011 ne. Abdullahi Adamu na PDP ya yi shekara takwas, Aliyu Akwe Doma ya gaje shi a 2007 a jam'iyya ɗaya. Da Doma ya nemi zarcewa, Umaru Tanko Al-Makura na CPC ya kayar da shi da ɗan ƙaramin rinjaye, ya zama gwamna ɗaya tilo da wannan jam'iyya ta samu a duk ƙasar. Gwamna mai ci ya faɗi, ya kuma miƙa mulki. Babu wata alama ta dimokuraɗiyya da ta fi wannan ƙarfi, kuma ta faru a Lafiya shekara huɗu kafin a ga irinta a kujerar shugaban ƙasa a 2015.

Amma masu zaɓen da suka ba CPC gwamna sun ba PDP majalisa, kuma daga nan gwaji na biyu ya taso. A Yuli 2014 'yan majalisa 20 daga cikin 24 suka sa hannu a takardar tsige gwamna, suna tuhumarsa da laifuka 16. A wannan watan ne majalisar Adamawa ta tsige Murtala Nyako, don haka mutane da yawa suka ɗauka an gama. Sai dai sashe na 188 bai bar tsigewa a hannun majalisa ita kaɗai ba. Kashi ɗaya bisa uku na mambobi ke gabatar da tuhuma, kashi biyu bisa uku su amince a bincika, sannan Babban Jojin jiha ya naɗa mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Idan suka ce ba a tabbatar da laifi ba, magana ta mutu a nan. Babban Joji Suleiman Dikko ya naɗa kwamitin. Majalisa ta ce ba ta yarda da wasu mambobinsa ba, ta nemi a rushe shi, Babban Joji bai rushe ba. Majalisa ba ta kawo hujjojinta gaban kwamitin ba, a farkon Agusta kuwa kwamitin ya yi watsi da tuhume-tuhumen. Har yau ana saɓani a kan wanda ke da gaskiya a asalin rigimar, kuma ba a taɓa auna tuhumar da hujja ba, wanda hakan rashi ne ga jama'ar da kuɗinsu ake magana a kai. Abin da ya tabbata shi ne rinjayen 20 cikin 24 bai isa ya kawar da zaɓaɓɓen gwamna ba, domin doka ta sa wani ɓangare a tsakani.

Gwaji na uku ya biyo bayan zaɓen Maris 2023. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta bayyana Gwamna Abdullahi Sule na APC a matsayin wanda ya yi nasara a kan David Ombugadu na PDP. A Oktoba kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, da alƙalai biyu cikin uku, ta ce Ombugadu ne ya ci. A Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, ranar 19 ga Janairu 2024 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da Sule. Cikin waɗannan watanni mata sun daɗe suna fitowa zanga-zanga a titunan Lafiya, wanda shi ma haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba su. Rigimar ta bi matakan kotu uku ta tsaya inda doka ta ce ta tsaya. Sai dai duk zaɓen da sai alƙalai sun faɗi wanda ya ci, yana rage wa mai ƙuri'a ƙwarin gwiwa, kuma maganin wannan yana rumfar zaɓe da wurin tattara sakamako.

Sarauta ba ta da wani sashe a tsarin mulkin 1999. Dokar jiha ce ke kula da ita, gwamna ne ke amincewa da naɗi bayan masu zaɓen sarki sun yi aikinsu. Duk da haka darajarta ba ta gushe ba, musamman wajen sasanta rikicin gona da kiwo da na ƙabilanci. Isa Mustafa Agwai I ya riƙe sarautar Lafiya fiye da shekara 40 har rasuwarsa a Janairu 2019, wanda ya gaje shi kuma, Sidi Bage Muhammad I, daga kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ya zo gadon sarauta.

Matakin da ya fi kusa da mutumin Bukan Sidi shi ne ya fi rauni. Nasarawa tana da ƙananan hukumomi 13 daga cikin 774 na ƙasar, da mazaɓun kansila 147. Tsarin mulki ya ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da sanya wa tituna suna, da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci, wato abubuwan da mutum ke cin karo da su kullum daga ƙofar gidansa. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Amma sashe na 162 ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha, zaɓensu kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shiryawa, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Sakamakon haka a kusan duk jihohin Nijeriya, ko wace jam'iyya ce ke mulki, ita ke kwashe kujerun, wasu gwamnonin ma sun riƙa naɗa kantomomi. A zaɓen 2021 na Nasarawa jam'iyya mai mulki ce ta lashe shugabancin duka 13. Shugaban da ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kawo shi ba, da wuya ya ji tsoron ƙorafin unguwa a kan magudanar ruwa ko rufin aji.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnatin tarayya ta kai jihohi 36. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Hukuncin bai taɓa batun wanda ke shirya zaɓen ba, domin wannan sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma yana buƙatar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Majalisar da ke zama a Lafiya tana da ƙuri'a ɗaya a cikinsu.